Na je cikon haƙori a Hamburg, na kasa gane wanda aka cike

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Idan kun ji maganata tana fita a karkace ku yi haƙuri, rabin bakin nan ba nawa ba ne yanzu. Fitowata ke nan daga wurin likitar haƙori a nan Hamburg ta ƙasar Jamus, ga yayyafi ya sauko, bari in raɓe a rumfar tashar bas in ba ku labari.

Wata uku ke nan turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, yana yi min kashedi. In sha ruwan sanyi, tsam! In tauna dabino, tsam! Na yi ta cusa kanumfari a wurin yadda Hajiyarmu take yi mana muna yara. Zafin yakan lafa, amma kanumfari ba ya toshe rami. Kun dai san halinmu, sai kumatu ya kumbura muke neman likita, a lokacin kuma ba abin da ya rage sai cirewa.

Da likitar ta ɗauki hoto ta nuna min a allo, ɗan baƙin tabo ne tsakanin haƙora biyu. Babu wata tsutsa, jama'a. Ƙwayoyin cutar da ke baki ne suke cin sukari, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar haƙori har ya yi kogo. Nan take shayina mai cokali uku ya faɗo min a rai, na yi gum.

Na ce mata a sa min irin baƙin cikon nan na ƙarfe, wanda na sani a bakin yayana, shekara da shekaru bai motsa ba. Ta girgiza kai. Ashe tun 1 ga Janairun 2025 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi, sai in likita ya ga lalurar mara lafiya ta tilasta. Kusan rabinsa zaiba ne, kuma babbar damuwar ita ce inda zaibar take ƙarewa, cikin ruwa da ƙasa. Maganar ta samo asali daga yarjejeniyar Minamata ta 2013, sunan wani gari a Japan inda zaibar masana'anta ta shiga teku, ta shiga kifi, ta nakasa mutane. Amma ta ce mai tsohon ciko lafiyayye ya bar abinsa, kada ya ce sai an ƙwaƙule.

Sai maganar kuɗi. Inshorar lafiya ta gwamnati tana biyan ciko mai sauƙi. In kuwa kana son wanda ake jerawa hawa-hawa a haƙoran baya, kai za ka cika ragowar. Na sa hannu, cefanen sati ya tafi.

To ga aikin. Kafin ta taɓa komai sai ta ɗauko wani allo mai jerin haƙoran roba, kowanne da lambarsa, tana karawa kusa da nawa kamar mai zaɓen shadda a Kantin Kwari. A2 ya yi haske, A3 ne ya dace. Ni da nake ganin haƙorana farare ƙal! Daga nan allurar kashe zafi, sai injin nan mai kukan sauro ya cinye ruɓaɓɓen wurin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaƙin da take yi da yawu. Ta shimfiɗa min koriyar roba a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo ta wata 'yar ɓula. Shi wannan ciko manne shi ake yi, ɗigon yawu ɗaya zai iya ɓata mannin. Ta shafa wani shuɗin asid na 'yan daƙiƙoƙi don fuskar haƙorin ta yi kaushi, ta wanke, ta busar, ta shafa gam. Sannan cikon kansa, wanda haɗin roba ne da garin gilas, laushinsa kamar ƙullun alkaki. Kaɗan-kaɗan take sawa, kauri bai wuce milimita 2 ba, ta haska shuɗiyar fitila kamar daƙiƙa 20, ya daskare, ta ƙara wani. Ba a zuba shi gaba ɗaya saboda hasken ba zai kai ƙasa ba, kuma yana ɗan tsukewa in ya daskare. Har 'yan kwaruruwan saman turmi sai da ta zana da tsinken ƙarfe. A ƙarshe ta ba ni shuɗiyar takarda na ciza, inda ya yi tudu ta goge.

Ta miƙo min madubi, na duba, na sake dubawa, wallahi sai da ta nuna min da yatsa. Na tuna alhazanmu da haƙorin Makka, a kashe kuɗi don kowa ya gani. Ni na kashe nawa don kada kowa ya gani.

Ta gargaɗe ni cewa shayi da gahawa suna iya dafar da gefensa a hankali. Na ce goro fa? Ba ta san shi ba, sai da na nuna mata hotonsa a waya. Ta ce in jira allurar ta sake ni kafin in ci abinci, kada in tauna harshena ban sani ba, kuma sanyi zai iya ɗan taɓa ni na 'yan kwanaki.

Ga bas ɗina can ta iso. Bari in kira Hajiya ta bidiyo in wangale mata baki, mu ga ko ita za ta gano shi.