Abin da ke faruwa a cikin kwata: lacca kan zana labari

Salamu alaikum. Ku na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su yau game da zana labari cikin hotuna, abin da ake kira kwamik, Japanawa kuma suke kira manga.

Na farko, kuma shi na fi so, don haka ku yi haƙuri idan na daɗe a kansa: farin filin nan da ke tsakanin akwati da akwati, wato gidajen nan da ake zana kowane hoto a ciki. Masu sana'ar a Amurka kwata suke ce masa. E, kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi, kada ku yi dariya. Wani Ba'amurke, Scott McCloud, ya fitar da littafi a 1993 kan yadda kwamik ke aiki, shi ma littafin da zane ya yi shi daga farko har ƙarshe. Maganarsa ita ce a cikin kwatar nan mai karatu yake aikinsa.

Bari in nuna muku a allo. Akwati na ɗaya: yaro a saman bishiyar mangwaro, ya miƙa hannu ga wani nunanne. Akwati na biyu: yaron nan kwance a tabarma, ƙafa a ɗaure, uwarsa ta yi tagumi. To, wa ya kayar da shi? Ni dai ban zana faɗuwa ba. Ku kuka kayar da shi! Wani a cikinku reshe ne ya karye masa, wani kuwa mai gona ne ya daka masa tsawa. Ku kuka kayar da shi, ni hannuna a wanke yake. Mai koyo yakan so ya zana komai, har da ƙurar da ta tashi, sai ya bar mai karatu ba aikin yi, shi kuwa ya rufe littafin.

McCloud ya kasa irin wannan tsallake gida shida, ba zan lissafo su ba, amma akwai ɗaya da ya lura Japanawa sun fi Amurkawa amfani da shi: babu abin da ke faruwa, sai dai ido ya zaga wuri. Tukunya a kan murhu, kaza a ƙofa, agogo a bango. Kafin kowa ya buɗe baki, ka riga ka ji shirun gidan.

Na biyu, hanyar ido. Manga daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar allonmu. Namu na boko daga hagu. Wanda ya fara magana, balan-balan ɗin maganarsa, wato da'irar da ake rubuta abin da ya faɗa a ciki, ya zo inda ido zai fara sauka, in ba haka ba amsa ta riga tambaya.

Na... na nawa muke? To, koma na nawa ne: abin mamaki a ajiye shi bayan juya shafi, kada mai karatu ya hango shi tun yana sama. Kuma kafin ku taɓa babbar takarda, ku zana shafin ƙarami kamar kwalin ashana.

Malama, ga hannunki a sama, bismilla.

(Ta ce ita ba ta iya zane ba, ko kaza ta zana sai ta fito kamar buta.)

Kin san Rodolphe Töpffer? Malamin makaranta ne a Geneva, ƙasar Switzerland, a shekarun 1830. Mahaifinsa mai zane ne, shi ma ya so ya gaje shi, ciwon ido ya hana. Sai ya koma yin ƴan zane-zane na gaggawa, layi a karkace, da rubutu a ƙasan kowane akwati, yana ba ɗalibansa dariya. Har Goethe, babban marubucin nan na Jamus, ya gani ya yaba. Yau da yawa shi suke ɗauka uban wannan sana'a. Ki zo da butar taki mako mai zuwa, akwati uku kacal, mu ga me za ta yi. An kira salla, na huɗun sai mun haɗu.