Shin Miles Davis ya ci amanar jaz?

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Gardamar da zan yi magana a kanta ta haura shekara hamsin, har yau kuma da wuya masu son jaz su haɗu su tashi ba a taɓo ta ba.

A watan Agustan 1969, Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon jaz ɗan Amurka, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia a New York, ya yi kwana uku yana naɗar faifan Bitches Brew, wanda ya fito a 1970. Shekara goma kafin nan shi ne ya yi Kind of Blue, faifan da ko wanda bai damu da jaz ba zai iya sakawa ya ji hankalinsa ya kwanta. To wannan karon sai ya zo da masu ganga biyu a lokaci guda, da masu bas biyu, ɗaya na katako ɗaya na lantarki, da fiyanon lantarki biyu, wani wurin ma uku, ga John McLaughlin riƙe da jita. Rubutun kiɗan da ya ba su bai taka kara ya karya ba, umarni kawai yake bayarwa ana cikin kiɗa. Da aka gama, furodusansa Teo Macero ya zauna da tef ɗin da reza a hannu, ya yanka nan, ya liƙa can, ya maimaita wani guntu, har waƙar farko mai kusan minti 20 ta zama abin da babu wanda ya taɓa kaɗa shi a jere haka a cikin ɗakin.

Daga cikin mutanen da suka yi aiki da shi a wannan zamani aka sami manyan ƙungiyoyin kiɗan haɗe-haɗe na jaz da rok, wanda ake kira fiyushan. Joe Zawinul da Wayne Shorter suka kafa Weather Report, McLaughlin ya kafa Mahavishnu Orchestra, Chick Corea ya kafa Return to Forever, Herbie Hancock kuma ya fitar da Head Hunters a 1973.

Masu adawa sun ce Miles ya ga matasa sun koma ga kiɗan rok da fank, ya ga Jimi Hendrix da Sly Stone suna cika filaye alhali gidajen jaz suna rufewa, sai ya bi kuɗi. Marubuci Stanley Crouch ya yi masa kaca-kaca a rubuce a kan haka. Wynton Marsalis, matashin mai busa ƙaho daga New Orleans, shi ma ya tsaya a kan cewa jaz yana da iyaka, kuma Miles ya tsallake ta. Abin ya kai ga a 1986, a wani bikin kiɗa a Vancouver ta Kanada, Marsalis ya hau dandali Miles na cikin wasa, Miles ya dakatar da makaɗansa ya ce masa ya sauka.

Kada mu raina hujjarsu, jama'a, domin akwai gaskiya a ciki. Jaz yana da wata tafiya mai lilo, wadda mai ganga ke riƙewa a kan faifan tagulla, mai bas yana taka masa sawu ɗaya-ɗaya. Idan ka sauya ta da bugun rok mai dirowa daram, to ka taɓa jijiyar abin. Lantarki kuma yana kawo ƙara, ƙara tana hana makaɗi jin ɗan'uwansa. Sannan a ƙarshen shekarun 1970 fiyushan ya haifi wani kiɗa mai santsi marar gishiri, irin wanda ake sakawa a harabar otal. Wannan ni ma ba na kare shi.

Inda na rabu da su shi ne batun tsarki. Yaushe jaz ya taɓa zama tsantsa? Jelly Roll Morton, ɗaya daga cikin magabatan jaz a New Orleans, da bakinsa ya ce sai da ɗanɗanon Sifaniyanci kiɗan yake cika, yana nufin bugun da ya zo daga Kuba. A 1947 Dizzy Gillespie ya ɗauki Chano Pozo, mai gangar Kuba, ya sa shi a ƙungiyarsa. A 1962 Stan Getz ya rungumi bosa nova ta Birazil. Bibop, salon jaz mai sauri na shekarun 1940 da masu tsattsauran ra'ayi ke ɗauka a matsayin asali, lokacin da ya fito Louis Armstrong kansa, babban dattijon jaz, bai so shi ba. Kowane zamani da abin da dattawansa suka kira ɓata.

Akwai kuma misali a gidanmu. Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi da ya tashi a Detroit, tun shekarun 1950 yake shigo da kayan busa na Gabas cikin jaz, ba tare da ko wayar lantarki ɗaya ba. Daga 1981 zuwa 1985 a Zariya ya zauna, yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abubuwan da ya nazarta. Mutumin da ya yi wasa da babban makaɗin jaz Cannonball Adderley ya zo yana koyo wurin masu busar karkara. Wa zai ce masa ya bar hanya? Ta ɗaya gefen kuma, Tony Allen a Legas ya koyi sarrafa ganga ta hanyar sauraron faya-fayan masu gangar jaz Art Blakey da Max Roach, ya haɗa da hailaif da bugun Yarabawa, shi da Fela Kuti suka samar da afrobit. A 2017 ya yi faifai na musamman don girmama Blakey.

Saboda haka ni ma'aunina ba ya kan soket, wato ko da lantarki aka yi kiɗan ko babu. Ina tambaya ne: shin makaɗan nan suna sauraron juna, ko kowa ta kansa yake yi? Shin abin da mai ƙaho ya busa yanzu ya sauya abin da mai ganga zai buga nan gaba? Da wannan ma'aunin, da yawa daga cikin faya-fayan fiyushan sun faɗi, domin tsere ne kawai na wanda ya fi saurin yatsu. Amma na Miles bai faɗi ba. Wanda ke neman kasuwa ba ya buɗe faifansa da waƙar minti 20 marar amshi, wadda gidajen rediyo ba su da inda za su sa ta.

Yanzu za a saka mana waƙar farkon nan ta Bitches Brew. Ku bar neman karin da za ku rera, ba za ku samu da wuri ba. Ku bi Bennie Maupin, mai busa kilarinet mai kaurin murya, yana yawo can ƙasa, ku kuma lura da fiyano, Zawinul a kunnen hagu, Corea a na dama. Miles ba zai shigo ba sai an yi nisa. Idan ya shigo, ku ji yadda masu gangar suke sauya nauyin hannu, daga nan sai mu buɗe fagen tambayoyi. Malam, a ƙaro sautin kaɗan saboda na baya.