Likitan da ya ce shi direban tasi ne: Lacca kan Dakta Haing Ngor na Kambodiya

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke gaba, da ku ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau ƙasar Kambodiya zan kai ku, can tsakanin Tailan da Biyetnam. Ranar 17 ga Afrilun 1975 dakarun Khmer Rouge, 'yan gurguzu mabiya Pol Pot, suka shiga babban birnin ƙasar, Phnom Penh. Cikin 'yan kwanaki suka kora jama'ar birnin kakaf zuwa karkara, har da marasa lafiyar da ke kwance a asibiti. Suka soke kuɗi, suka rufe makarantu da kasuwanni, kowa ya koma noman shinkafa da haƙa magudanar ruwa a bakin bindiga. Kafin sojojin Biyetnam su kore su ranar 7 ga Janairun 1979, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun mutu, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan takwas ba. Cikinsu akwai Musulmin ƙabilar Cham, waɗanda aka rushe musu masallatai, aka tilasta musu cin naman alade.

Ranar da aka shiga birnin, akwai wani likitan mata da haihuwa yana tsaka da yi wa wani mai rauni tiyata. Sunansa Haing Ngor, haifaffen 1940. Da bindiga aka raba shi da majinyacin.

Ku fahimci wani abu game da wannan mulki. Ilimi kansa laifi ne. Malami, likita, mai jin Faransanci, kai har mai sa tabarau, duk abin zargi ne. Suna da wata magana da suke maimaita wa mutanen birni: ajiye ka ba riba, rasa ka ba asara. Don haka Ngor ya ajiye tabaraunsa, ya ce shi direban tasi ne. Sau uku aka kama shi aka azabtar da shi don ya amsa cewa likita ne. An datse masa wani ɓangare na ƙaramin yatsa. An ɗaure shi jikin katako aka hura wuta ƙarƙashinsa. Bai amsa ba, domin ya san amsawar ita ce ajalinsa, da na iyalinsa.

To, ɗalibai, ku ba ni hankalinku a nan. A 1978 matarsa, Huoy, ta fara naƙuda. Yunwa ta riga ta cinye jikinta, haihuwar ta zo da gardama. Mijinta na gefenta, kuma wannan shi ne fanninsa. Ya san abin da ake bukata, a yi mata aiki a ciro jaririn. Amma babu ɗakin tiyata, babu kayan aiki, babu magani, kuma duk wanda ya ga hannunsa na aiki zai gane cewa wannan ba direba ba ne. Ta rasu a hannunsa, ita da abin da ke cikinta.

Za a sami mai cewa, ai da ya gwada. Ni ban yarda mu da ke zaune cikin aminci mu yanke masa hukunci ba. Alhakin wannan mace yana wuyan waɗanda suka mayar da asibiti kango, suka sa mai ilimi ya riƙa ɓoye iliminsa kamar kayan sata. Shi kuwa bai taɓa sauke wannan nauyi daga kansa ba. Bai sake aure ba.

A 1979 ya tsallaka Tailan a ƙafa tare da 'yar ɗan'uwansa, ya koma duba marasa lafiya a sansanin 'yan gudun hijira. A 1980 ya isa Amurka. Takardunsa na likita ba su yi masa amfani a can ba, sai ya kama aikin nema wa 'yan gudun hijira abin yi a Los Angeles. A wajen wani bikin aure ne masu neman 'yan wasa suka gan shi, suka ba shi ya fito a matsayin ɗan jarida Dith Pran a fim ɗin The Killing Fields na 1984, wanda ke ba da labarin zamanin mulkin Khmer Rouge. Mutumin da bai taɓa wasan kwaikwayo ba ya ci kyautar Oscar a 1985. Ba abin mamaki ba ne a wurina, tunda yunwar da tsoron da ya nuna a fim ɗin ya riga ya sha su da gaske.

Abin da ya yi da wannan suna shi ya sa na zaɓe shi yau. Ya rubuta tarihin abin da ya gani, ya yi ta yawo yana ba da shaida a lokacin da Khmer Rouge ke riƙe da makamai a bakin iyakar Tailan, kuma ɓangarensu ke cikin masu riƙe da kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya riƙa komawa sansanonin iyaka da magunguna. Ya kafa gidauniya da sunansa don marayu, ya tallafa wa asibitoci, ya gina makarantar firamare a ƙasarsa, ya kafa injin yanka katako don mutane su sami aikin yi. Ku lura da abubuwan da ya zaɓa: makaranta da asibiti, su ne dai aka fara rushewa a 1975.

Ranar 25 ga Fabrairun 1996 aka harbe shi a ƙofar gidansa a Los Angeles. A 1998 kotu ta sami wasu matasa uku 'yan daba da laifin, a matsayin fashi. Wasu 'yan Kambodiya har yau suna ganin akwai hannun siyasa, amma masu bincike ba su tabbatar da haka ba. Pol Pot ya mutu a 1998 ba tare da ya gurfana gaban kotun duniya ba. Sai a 2018 kotun musamman ta Phnom Penh ta sami Nuon Chea da Khieu Samphan, manyan shugabannin Khmer Rouge, da laifin kisan ƙare dangi, shekara 22 bayan rasuwar Ngor.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɗalibai.