Tarzan: Yadda aka sayar da Afirka a kan santi goma sha biyar

Ku yi tunanin bangon wata mujallar Amurka. Watan Oktoba ne na 1912, sunanta All-Story, kuɗinta santi goma sha biyar. Ga wani Bature ba riga, ya ɗare bayan zaki da wuƙa a hannu. A nan duniya ta fara ganin Tarzan.

Takardar mujallar ta ɗanyen markaɗen itace ce, mai kaushi, tana daɗewa ta yi ja ta fara marmashewa. Amurkawa suna kiran irinta pulp, har sunan ya bi labaran da ake bugawa a kai. Frank Munsey ne ya buɗe wannan kasuwa a 1896 da mujallar Argosy, kuma leburori da 'yan makaranta suka yi mata caa.

Wanda ya rubuta Tarzan, Edgar Rice Burroughs, mutumin Chicago ne da ya sha gwada sana'o'i suna rushewa, har da dillancin abin feƙe fensir. Dala 700 aka biya shi. Bai taɓa taka ƙasar Afirka ba har ya bar duniya, shi ya sa a bugun farko ya saka damisar Asiya mai zane-zane a dajinmu, sai daga baya aka mayar da ita zakanya.

Gaskiya ɗaya ce, marubutan pulp ɗin nan sun iya jan zaren labari. Ana biyansu ne a kan kowace kalma, kuma in mai karatu ya yi hamma, gobe ba zai saya ba, don haka kowane babi sai ya ƙare da jarumi a bakin halaka. Daga wannan tukunya aka ɗebi abin da muke kallo yau. Doc Savage, jarumin wata mujallar pulp ta 1933, sunansa Clark, yana da maɓoya can cikin ƙanƙara, kafin Superman ya zo a 1938 da suna iri ɗaya, daga baya shi ma a gina masa irin wannan maɓoya. Fim ɗin Indiana Jones na 1981 jikan gidan ne.

To amma mu buɗe littafin. Ma'anar Tarzan a yaren biran da suka rene shi ita ce farar fata. Ɗan sarautar Ingila ne, wai jininsa kaɗai ya isa ya koya wa kansa karatu daga littattafan da mahaifinsa ya bari, ba malami ba allo. Baƙar fata na farko da ya haɗu da shi maharbi ne da ya kashe biranyar da ta shayar da shi. Tarzan ya zura masa igiya a wuya daga saman bishiya, ya ja shi sama, ya soke shi. Daga nan ya mai da mutanen ƙauyen abin wasa, yana satar kibansu yana firgita su, har ya manna takarda a ƙofar bukkarsa yana alfahari da yawan baƙaƙen da ya kashe. Ku tuna, a shekarun nan ana rataye baƙaƙe a bishiyoyi a kudancin Amurka. Wannan wurin, wallahi, duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne daɗin labarin yana sa ka bi jarumin ido rufe. Chinua Achebe ya faɗa da kansa cewa yana ɗalibi, in ya karanta irin waɗannan littattafan Turawa, bayan Bature yake bi, yana jin haushin mutanen daji, sai da ya girma ya gane ashe shi ne mutumin dajin da ake nufi.

Da Disney suka tashi yin nasu Tarzan a 1999, sun san da wannan tabo. Dabarar da suka yi ita ce su cire 'yan Afirka kakaf daga fim ɗin. Aka bar birai da giwa da Turawa.