Cimar Kanari da Launin Gashinsa

Assalamu alaikum masu kiwon kanari, na nan Birnin Kebbi da masu saurare daga Argungu, Jega har Yauri.

To, ku riƙe wannan tukuna: gashin da ya gama fitowa jini ba ya kai masa. Duk abin da za ka ba tsuntsu don launi, sai lokacin da yake sake gashi yake kamawa, wato mako 6 zuwa 8 ɗin nan da yake rage kuka, kana ganin ƙananan gashi a ƙasan keji. Ka fara mako biyu kafin nan, kuma kullum. In ka ba shi yau ka tsallake kwana uku, gashin da ya tsiro a tsakani zai fito a koɗe, tsuntsu ya zama dabbare-dabbare har wata shekara.

Ruwan ɗorawar nan daga ganye yake samo shi. Gero zalla yana cika ciki amma ba ya ba da launi. Ga haɗin: dafaffen ƙwai ɗaya, ya yi minti 10 a wuta, a murje shi da cokali biyu na garin busasshen burodi, a ƙara ɗan garin jar masara, sai garin zogale rabin cokalin shayi. Rabin ya isa, in ya yi yawa ƙin ci suke yi. Zogalen a inuwa za a shanya, rana tana cinye masa launi. Haɗin da ya yi daidai yana warwatsewa a hannu, ba ya dunƙulewa. In ya dunƙule, ruwa ya yi yawa. Cokalin shayi ɗaya ya ishi tsuntsu guda, kuma da zafin da ake yi a yankin nan a kwashe ragowar bayan awa biyu, don ƙwai ba ya jira.

Jan kanari kuwa zancensa daban. Jininsa ya samo asali ne daga barbara da wani jan tsuntsu na Kudancin Amurka, aikin da aka fara a Jamus wajen shekarun 1920. Shi ke da halin mayar da abin da ya ci ja. Na ruwan ɗorawa ko ka ɗura masa tattasai, iyakarsa ruwan lemo. Karas da tattasai suna taimakawa, yajin barkono ma ba ya damun tsuntsu, amma ja sosai sai da garin kantazantin, wani sinadarin ba da jan launi da ake haɗawa a abincin tsuntsu. Auna shi yadda aka rubuta a jikin leda, ban da ƙari. Kashinsa zai ɗan yi ja, wannan ba komai. In aka zarce, gashi ya koma ruwan ƙasa, hanta kuma ta wahala.

Farin kanari, wanda ba ɗigon ɗorawa ko a fiffikensa, jikinsa ba ya iya fitar da bitamin A daga ganye yadda ya kamata, sai an ba shi na kwalba. Albasa da fiya kuma kada su kusanci keji, guba ne gare su.