Na kashe sabar, me ya sa har yanzu kuɗi ke hawa?

Ƙorafin da ya yawaita a bakin masu koyon aikin gajimare, wato hayar kwamfutoci da wurin ajiya ta intanet, shi ne, mutum ya kashe sabarsa, wato kwamfutar da ya karɓa haya, tun farkon wata, amma da wata ya ƙare sai ga takardar biyan kuɗi ta iso.

Duk abin da aka karɓa haya a wurin Amazon Web Services, sashen kamfanin Amazon mai ba da wannan hayar, yana da mitarsa daban. Tun watan Oktoba na 2017 ake ƙirga aikin sabar Linux da daƙiƙa, mafi ƙaranci daƙiƙa 60, bayanan da ke fita zuwa intanet kuma da gigabait ake auna su.

To, ku lura da maɓallin dakatar da sabar da kyau, domin a nan ake yin kuskuren. Yawancinmu mun ɗauka lissafin irin na mitar wutar lantarki ne, da zarar an kashe ƙwai sai mita ta tsaya. Ita sabar mitarta takan tsaya, amma faifan ajiyar da ke maƙale da ita yana nan an keɓe maka shi, kuma girman da ka nema ake lissafawa, ko ka cika shi ko ka bar shi wayam. Kamar mai shago ne a kasuwa da ya garƙame ƙofa ya yi tafiya: ciniki ya tsaya, amma mai haya bai daina ƙirga kwanaki ba. Faifai nau'in gp3 mai gigabait 100 a cibiyar Amazon ta Arewacin Bajiniya a Amurka dala 8 yake ci a wata, ko ba a taɓa shi ba. Haka kuma tun 1 ga Fabrairu, 2024, adireshin IPv4 da ka riƙe, wato lambar da ake samun sabarka da ita a intanet, yana cin rabin santi kowace awa, wato sama da dala uku da rabi a wata. A ganina, da an rubuta wannan da manyan baƙaƙe a gefen maɓallin, da an rage wa mutane ciwon kai.

Shafin Cost Explorer, inda Amazon ke nuna kuɗin da ka kashe, yakan yi jinkirin da zai iya kai kwana guda, saboda haka sifilin da ya nuna da safe kada ya ruɗe ku. Ko an share sabar gaba ɗaya, faifan da aka ƙara mata daga baya yakan tsira, sai an bi shi an goge da hannu.