Yadda Aka Gina Faifan Remain in Light na Talking Heads

Jama'a, barkanmu da yamma. Faifan da za mu tattauna a kansa shi ne Remain in Light, na ƙungiyar Talking Heads ta birnin New York, wanda kamfanin Sire ya fitar ranar 8 ga Oktoba 1980. Waƙoƙi 8 ne, tsawonsu kusan minti 40. Makaɗan su huɗu ne: David Byrne da murya da gita, Tina Weymouth da gitar bas, Chris Frantz da ganguna, Jerry Harrison da gita da kibod. Furodusan kuwa Brian Eno ne, ɗan Ingila.

Mu fara da tushe. Eno da Byrne sun daɗe suna sauraron Fela Kuti, musamman faifansa Afrodisiac na 1973. Abin da suka ɗauko daga Legas shi ne tsarin kiɗan: kowane makaɗi ya riƙe ɗan guntun kiɗa nasa, ya yi ta maimaita shi, babu mai hawa kan wani, daɗin yana fitowa ne daga yadda guntayen suke shiga tsakanin juna. Byrne ya kuma karanta littafin John Miller Chernoff na 1979 kan kiɗan Afirka, kuma Chernoff ya koyi kiɗa a wurin makaɗan Dagomba a arewacin Ghana, masu gangar lunga, 'yar uwar kalangu. Duk wanda ya taɓa sa kunne ya ji yadda kuntuku ke riƙe hanya kalangu na magana a kai, ya riga ya san rabin darasin nan.

To, yaya aka yi aikin? A watan Yuli 1980 suka shiga situdiyon Compass Point a Nassau, ƙasar Bahamas, ba su da rubutacciyar waƙa ko ɗaya. Sai su kama kiɗa kawai, tef na juyawa. Su tsaya, su saurara, su tsinci wurin da ya yi daɗi, wataƙila 'yan daƙiƙu kaɗan. Sannan mai wannan guntun ya koye shi da kyau, ya koma ya buga shi da hannunsa daga farkon waƙa har ƙarshe ba canji. A yau kwamfuta ke wannan aikin da danna maɓalli ɗaya. Su hannu suka sa, kuma a ganina nan ne ran faifan yake, don hannun ɗan Adam ba ya maimaita abu daidai wa daida, kullum akwai ɗan gaba da ɗan baya.

Hanyar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Injiniyan farko, Rhett Davies, ya ajiye aikin bayan 'yan kwanaki, Steven Stanley ɗan Jamaika ya karɓa.

Ga inda matsalar gaske ta taso. Waƙar rok ta saba canza kod, wato haɗin sautukan da murya ke dogara a kai, don a bambance baiti da amshi. Su kuwa kusan kowace waƙa a kan kod ɗaya ta zauna. Ina baitin, ina amshin? Maganin da suka samo yana kan teburin haɗa sauti. Kowane kayan kiɗa yana da layinsa a tef. Sai a cika layukan da guntaye, sannan a riƙa kashe wasu ana kunna wasu: wannan rukuni shi ne baiti, wancan shi ne amshi. Wato da ragewa aka sassaƙa waƙoƙin. Haɗarin hanyar shi ne cunkoso. In guntaye biyu suka faɗi a bugu ɗaya da murya iri ɗaya, sai su cinye juna, kiɗan ya dagule. Dole kowane guntu ya bar gurbi.

Ku ɗauki waƙar Once in a Lifetime. Eno yana ƙirga farkon zagayen kiɗan daga wani bugu, makaɗan suna ƙirgawa daga wani daban. Maimakon a gyara, sai aka bar saɓanin, wasu layukan suka bi wannan ƙirgen, wasu suka bi wancan. Shi ya sa mai sauraro ke jin kamar yana shawagi a ruwa.

Daga Nassau aka koma situdiyon Sigma Sound a New York. Nan kalmomi suka ƙi zuwa wa Byrne, don babu sauyin kod da zai ja masa karin murya. Sai ya riƙa rera sautuka marasa ma'ana a kan kiɗan, daga baya ya nemo kalmomin da suka dace da su, ya kuma ari salon masu wa'azin coci da yake ji a rediyon Amurka, masu jefa magana jama'a na amsawa. Adrian Belew ya zo ya ƙara gita mai kururuwa a waƙar The Great Curve, Jon Hassell ya busa ƙaho a Houses in Motion, Nona Hendryx ta taya amshi.

Rigima ta biyo baya kan sunaye. Bangon faifan ya fifita Byrne da Eno a matsayin marubuta, Weymouth da Frantz ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya: a irin wannan kiɗa, layin bas da ganga su ne waƙar. A 1981 su biyun suka kafa tasu ƙungiyar, Tom Tom Club. Wata wahalar kuma, mutum huɗu ba za su iya buga duk layukan nan a dandali ba, dole aka faɗaɗa ƙungiyar zuwa mutum 9, ciki har da Bernie Worrell na ƙungiyar Funkadelic.

Faifan ya kai lamba 19 a jadawalin Billboard na Amurka, ba wani ciniki na azo-a-gani ba, amma tasirinsa ya zarce cinikin. 'Yan ƙungiyar Radiohead sun ambace shi cikin abubuwan da suka shiryar da su wajen faifansu Kid A na 2000. A 2017 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanar da shigar da shi kundin faya-fayen da ake adanawa. A 2018 kuma Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta sake rera waƙoƙin 8 gaba ɗaya, ta gayyato Tony Allen, mai gangar Fela, ya sa hannu. Ku saurari nata da na asali a jere, ku sa kunne kan ganguna kaɗai.